Kuɗin aljihu daban, riba daban



Bayan farin 1984, noman rani ya ƙara ƙarfi a ƙasarmu. A wannan shekara ce aka fara aikin raya karkara na Keita, da taimakon Italiya. Yau ana noman albasa a kwarin Keita da bakin tabkin Tabalak. Albasar jihar Tawa tana kaiwa har Gana da Abijan. Amma manomi da yawa bai san abin da buhu guda ya ci masa ba. Dillali ya taya, shi kuwa ya sallama.

Ga misali, don mu koyi lissafi. Manomi ya samu buhu 20. Ga abin da ya kashe:

Iri da taki: jikka 40
Man injin ban ruwa: jikka 50
Ƴan ƙwadago: jikka 30
Buhunna da kuɗin mota: jikka 20
Jimla: jikka 140

A raba 140 gida 20. Ke nan buhu guda ya tsaya masa jikka 7.

Lokacin cira, albasa ta cika kasuwa. Dillali ya taya jikka 6. In ya saida duka, zai riƙe jikka 120. Aljihu ya cika, amma ya faɗi da jikka 20.

In ya ajiye ta cikin rudu fa? A ce buhu 4 sun ruɓe. Sauran 16 ya saida jikka 12 kowane, lokacin da ta yi tsada. Ya samu jikka 192. A fidda 140, riba jikka 52. Amma in ruɓa ta yi yawa, ribar ta tafi. Saboda haka a rubuta har abin da ya lalace.

Me ya kamata mu yi?

1. A sayi kaye guda. Shafin hagu abin da ya fita, shafin dama abin da ya shigo.
2. A rubuta ranar da abin ya faru, kada a jira gobe.
3. A rubuta bashi, da sunan mai shi da ranar biya.
4. A raba uwar kuɗi da kuɗin cefane. Kuɗin suna da na biki su fito daga riba.

Haka ma mai tebur a kasuwar Lahadi ta Tawa, da magatakardan bankin cimaka na gari.

Kun koyi rubutu da lissafi a makarantar yaƙi da jahilci. Kowa ya kawo lissafin garkarsa, ku yi shi tare da malaminku kafin dillali ya zo.