Wuyan Hannu Da Haƙarƙari: Abin Da Likitocin Jos Suka Gano Da Yatsunsu

A ƙasar da rana ke fitowa kullum, bai kamata a ce ana samun yara masu laushin ƙashi ba. Haka littattafan likitanci na Turai suka daɗe suna koyarwa, domin a can ciwon, wanda likitoci ke kira riket, na kama yaran da ba su samun hasken rana, wato jikinsu ya rasa bitamin D. Amma duk da haka iyaye mata ba su daina zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ba, goye da yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe kamar baka, ko kuwa suka yi gwame, yaro yana kuka in an ce ya taka.

Wani likita Ba'amurke da ke aiki a asibitin a wancan lokaci, Dokta Tom Thacher, da abokan aikinsa suka duƙufa a kan wannan al'amari. A shekarar 1999 suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa yara 123 har mako 24. Cikin waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, kimanin ɗaya cikin biyar ne suka warke, alhali kuwa cikin waɗanda aka ba sinadarin kalsiyam, kusan uku cikin biyar ne. Ashe dai matsalar a tukunya take. Tuwon masara da kunu suna cika ciki, amma kalsiyam ɗin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai, madara kuwa ba kowane gida ke iya sayenta ba.

To, sanin magani daban, sanin wanda za a ba shi daban. Ba kowace lanƙwasar ƙafa ce riket ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu kan yi 'yar lanƙwasa wadda ke miƙewa da kanta, wani kuma ciwon ya riga ya warke, lanƙwasar ce ta saura. Hoton ƙashi ne ke raba gardama, sai dai ina na'urar hoto a ɗakin shan magani na ƙauye? Wannan ya sa likitocin suka kwatanta abin da hannu ke ji da abin da hoto ke nunawa, suka buga a shekarar 2002. Cikin yaran da aka kawo da lanƙwasar ƙafa, waɗanda ciwon ke cin ƙashinsu a lokacin ba su kai rabi ba.

Abin mamaki, alamar da ta fi amfani ba a ƙafa take ba. Malamin asibiti zai kama wuyan hannun yaro tsakanin babban yatsa da manuni, ya ji ko ƙarshen ƙashin ya yi kauri ya buɗe fiye da kima. Sa'an nan ya sa a cire rigar yaron, ya bi da yatsunsa a ƙirji daga sama zuwa ƙasa, daidai inda haƙarƙari ke haɗuwa da guringuntsi. In akwai ciwon, zai ji wasu ƙulle-ƙulle a jere kamar 'ya'yan carbi. Dalili kuwa shi ne a waɗannan wurare ƙashin yaro ke tsiro da sauri, in bai sami abin da zai taurara da shi ba sai ya yi ta tudu. Sauran alamun su ne yaron bai kai shekara biyar ba, ya gaza tsararsa tsawo ainun, kuma ƙafa na yi masa ciwo in yana tafiya. In uku daga cikin waɗannan biyar suka haɗu, to lalle akwai ƙarfin zato.

Wannan dubawa ba ta cin minti biyar, ba ta bukatar lantarki, ba ta cin kwabon mahaifi. Sai dai hannu ba ya gane kumburi sai ya saba da wuyan hannun yaro mai lafiya, kuma ba a koyon haka a kan allo, sai a gefen gado tare da wanda ya iya. Abin takaici ne a ce malamin asibiti ya leƙi ƙafar yaro daga bayan tebur, ya rubuta magani, riga ma ba a ɗaga ba. Yarinyar da aka ƙyale da wannan ciwo ƙugunta na iya tsukewa, wahalar ta jira ta har ranar haihuwa.

Likitocin na Jos ba su tsaya nan ba. A shekarar 2015 suka nuna cewa garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa yana warkar da ciwon, in an riƙa zuba wa yaro a abinci bisa ma'aunin da asibiti ya faɗa.