Aikin da ke farawa bayan injin ya tsaya

Mai kallon tallan injinan buga kaya da ruwan roba, wato firintar 3D mai aiki da rezin, zai ɗauka da injin ya tsaya shi ke nan. Ina! Abin da aka buga yana fitowa ne a kife, manne da farantin alminiyom, yana ɗigar ruwa mai danƙo, ga siraran sanduna sun tokare shi ta ko'ina. A ganina, ƙwarewar wannan sana'a da haɗarinta duk suna cikin abin da ke biyo baya, wato wanki da cire sandunan da kankare farantin, kuma nan ne masu talla ba sa son tsayawa.

Tun da Chuck Hull ya samu rajistar wannan fasaha a Amurka a 1986, ya kuma kafa kamfanin 3D Systems, tushen aikin bai sauya ba: haske ne ke daskarar da ruwan robar shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace kaurinta sau da yawa bai wuce milimita 0.05 ba. Duk shimfiɗar da ba ta da abin kamawa za ta zube, don haka ake buga madogarai tare da kayan, kamar katakon da magina ke tokare dakin da shi kafin kankare ya kama. Matsalar ita ce kwano ɗaya ne, ruwa ɗaya ne, saboda haka madogaran da kayan jinsinsu guda. Babu sinadarin da zai narkar da ɗaya ya bar ɗaya. Dole sai hannu.

Shi ya sa tsarin aikin ke da muhimmanci. Ana fara wanke kayan a sifirit ɗin isofurofil, sannan a yanke madogaran da ƙaramar filaya tun robar tana da laushi, kafin a gasa ta da haske ta ƙarasa tauri. Wanda ya gasa kafin ya cire, zai ga kowace sanda ta ɓalle da ɗan guntun jikin kayan, ta bar rami kamar tabon ƙyanda, wanda samfefa ba ta cikewa. Wasu za su ce ai barin madogaran lokacin gashi yana hana siririn abu lanƙwasa, kuma gaskiyarsu ne. Amma wannan ƙara tabbatar da batun yake yi: mutum ne zai dubi kayan ya yanke hukunci, ba injin ba. A bawon na'urar taimaka wa ji ko samfurin haƙori, ɗan tudun da aka manta ya isa ya hana abu zama daidai.

Farantin kuwa an fi raina shi. Ɗan ɓurɓushin roba da ya daskare a jikinsa, ko bai kai ƙwayar gero ba, idan farantin ya sauko da ƙarfin injin zai danna shi a kan siririyar ledar da ke ƙasan kwanon. Ko ledar ta huje ruwan ya tsiyaye cikin injin, ko gilashin hasken da ke ƙarƙashi ya tsage.

To, ai yanzu akwai injinan wanki, kamar Form Wash na kamfanin Formlabs, akwai kuma rezin da ake wankewa da ruwa zalla. Haka ne, sun rage wahala, sai dai ba su kawar da dattin ba. Ruwan da aka wanke ɗanyen rezin a ciki guba ne ga halittun ruwa, bai kamata ya shiga kwata ba. Sai an shanya shi a rana ya ƙafe, robar ta daskare, sannan a zubar. Shi kuma isofurofil tururinsa na iya kama wuta tun daga zafin digiri 12. Ɗanyen rezin da ke yawan taɓa fata yana jawo borin jini wanda galibi ba ya rabuwa da mutum, shi ya sa masu aikin ke sa safar hannu ta naitiril, su kuma sauya ta da zarar ta ɓaci.