Tafiya Koyon Faransanci a Lokacin Dogon Hutu

Jami'o'i da yawa a duniya suna da wata al'ada. Idan dogon hutu ya zo sai su tara ɗalibansu masu koyon Faransanci, su aika da su ƙasar da ake magana da harshen, su zauna can mako huɗu ko shida, wani lokaci har wata biyu, sa'an nan su komo. Mutanenmu na Danchuwa idan suka ji wannan sai su ce ai yawon buɗe ido ne na 'ya'yan masu kuɗi. Ni kuwa da nake koyon aikin malanta, kuma Faransanci na cikin abin da nake fatan koyarwa, na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda sha'anin yake, da dalilinsa, da kuma inda ya shafe mu.

Dalilin tafiyar

Mu mutanen ƙasar Potiskum bai kamata dalilin ya ɓace mana ba. A nan akwai Ngizim, da Karekare, da Bolewa, da Ngamo, da Fulani, da Barebari, kowa da harshen gidansu, amma duk muna jin Hausa. To, wa ya koya mana ita a kan allo? Yaro ya fito daga ƙauye ba ya jin ko "zo in kashe ka", ya bi ubansa kasuwa, ya yi wasa da yaran unguwa, kafin shekara ta kewayo sai ka ji shi yana ciniki da Hausa kamar a Kano aka yanke masa cibiya. Abin da ya koya masa shi ne bukata. In bai yi magana ba, ba zai sami abin da yake so ba.

Yanzu mu dubi aji. A ce ana koyar da Faransanci sau uku a mako, minti 40 kowane darasi. Awa biyu ke nan a mako. In shekarar karatu mako 36 ce, yaro ya sami awa 72, kuma ba shi kaɗai ke magana a cikinsu ba, yana raba su da yara hamsin. Wanda kuwa ya tafi ƙasar masu harshen yana farke awa 16 kowace rana, kunnensa ba ya jin komai sai Faransanci. Kwana biyar kaɗai sun ba shi awa 80, watau fiye da abin da yaron aji ya samu a shekara.

Har wa yau Faransanci yana da wani hali da ya sa littafi kaɗai bai isa ba. Mu Hausa yadda muka faɗa haka muke rubutawa. Su kuwa sai su rubuta eau, watau ruwa, da haruffa uku, su faɗe shi "o". Haruffan ƙarshen kalma da yawa ba a faɗinsu, kuma idan suna magana sai su haɗa wutsiyar wata kalma da kan wata. Saboda haka mutum yana iya karanta shafi guda ya gane sarai, amma a karanta masa shi da baka ya rasa inda aka dosa. Ƙidayarsu ma sai da sabo. Tamanin suna ce mata ashirin huɗu, 97 kuwa ashirin huɗu da goma sha bakwai. Wanda bai saba ba, kafin ya gama lissafi a ransa mai kanti ya juya wajen wani.

Asalin al'adar

Abin ba sabo ba ne. Tun 1919 aka buɗe darussa na musamman domin baƙi a Sorbonne, babbar jami'ar birnin Faris, inda ake koya musu harshe da tarihi da al'adun Faransa. A 1923 wani malami na Jami'ar Delaware ta Amurka, Raymond Kirkbride, ya kwashi ɗalibai takwas ya kai su Faransa suka yi shekara guda, jami'arsu kuma ta lasafta musu wannan shekara cikin karatunsu. Wasu jami'o'i suka gani suka bi. Daga baya aka kafa makarantun da ba su da wani aiki sai koya wa baƙi harshen, kamar ta garin Besançon a 1958, da ta garin Vichy a 1964.

Yadda ake tafiyar da shi

Dogon hutun Turai yana faɗawa daga Yuni zuwa Agusta, lokacin zafinsu, wanda ya yi daidai da daminarmu. Ɗalibi idan ya isa, ran farko sai a jarraba shi a ga ƙarfinsa. Suna da matakai shida, daga A1 na ɗan fari, har C2 na wanda ya gwanance. Kowa sai a sa shi cikin tsararsa, aji kuma ba ya da yawa, don kowa ya sami damar buɗe baki.

Da safe ake darasi: nahawu, da furuci, da rubutu, da muhawara. Da rana sai a fita. Yau a kai su gidan tarihi, gobe kasuwa, jibi su je su ga yadda ake gudanar da ofishin magajin gari. Wanda ya dace da watan Yuli zai ga bikin ranar 14 ga wata, ranar da Faransawa ke tunawa da juyin da suka yi a 1789. Da dare kuma, galibi ba a tara baƙin wuri ɗaya. Akan ba kowa masauki a gidan wani mutumin gari, ya ci abin da suka ci, ya ji hirar da suke yi a kan tebur. Malamanmu suna cewa wannan masaukin shi ne rabin karatun.

A nan ne kuma ake koyon ladabin harshe. Faransawa suna da tu, wadda ake faɗa wa aboki ko yaro, da vous, ta babba da baƙo, kamar yadda mu kan ce wa dattijo "ku". Littafi zai gaya maka akwai su, amma sai ka zauna da mutane za ka san lokacin da ake barin wannan a kama waccan. Mai shiga kanti kuwa in bai fara da gaisuwa ba, an ɗauke shi mara tarbiyya, kamar dai a wurinmu.

A ƙarshe sai a yi jarrabawa, a aika wa jami'ar ɗalibin da sakamako. Mai so kuma yana iya zama jarrabawar DELF, wadda Ma'aikatar Ilmi ta Faransa ke ba da takardarta.

Yadda abin yake a Nijeriya

Ƙasarmu tana tsakiyar masu Faransanci. Benin na yamma, Nijar na arewa, Cadi da Kamaru na gabas. Shi ya sa bayan samun mulkin kai a 1960 jami'o'inmu suka ɗauki harshen da muhimmanci. Ƙa'idarsu ita ce duk mai neman digiri na Faransanci sai ya yi shekararsa ta uku a waje. Waɗansu sukan tafi Faransa, waɗansu ƙasashen Afirka, kamar Togo, inda akwai makarantar baƙi da ake kira Village du Bénin a birnin Lome.

Daga 1986, da aka karya darajar naira a zamanin Janar Babangida, sai tafiyar ta fi ƙarfin iyaye da jami'o'i duka. Gwamnati ta ga ba yadda za a yi a bar ƙa'idar, ba kuma kuɗin cika ta. Sai a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Yobe, aka kafa Ƙauyen Faransanci na Nijeriya a Ajara, cikin Badagry ta jihar Ikko, kusa da iyakar Benin. Nufin shi ne a yi wani ɗan gari a cikin gida inda ba a magana sai da Faransanci, ɗaliban jami'a su je can a maimakon ƙetare. Ɗaliban kwalejojin horon malamai irinmu su ma sukan je, amma zamansu bai kai na 'yan jami'a ba. An kafa irinsa na Larabci a Ngala ta jihar Borno.

A 1996 Janar Abacha ya yi shelar cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, aka kuma rubuta haka cikin tsarin ilmi na ƙasa na 1998. Amma rubutawa daban, samun malamai daban. Da na yi gwajin koyarwa a ƙauyukanmu na tarar da yaran da suka gama firamare ba su taɓa jin kalma ɗaya ta harshen daga bakin malami ba.

Me ya hana mu zuwa Nijar?

Wannan ita ce tambayar da kowane mutumin Danchuwa zai yi, kuma tana bisa hanya. Daga nan zuwa Badagry ya fi kilomita 1,000. Nijar kuwa ga ta a bayan Gaidam da Yunusari da Machina. Akwai jami'a a Damagaram, akwai a Maradi, akwai a Diffa, ga kuma babbar ta Yamai mai sunan Abdou Moumouni. Mutanensu ba baƙinmu ba ne, kullum muna haɗuwa a kasuwar shanu ta Potiskum. Ko a Hausarsu ma kana jin ƙanshin Faransanci: makaranta lakwal, malami mushe, babbar mota kamyo, ofis biro.

Ga Bayarabe ko Ibo lalle Damagaram makarantar Faransanci ce mai kyau. Amma ga mai jin Hausa akwai tarko a ciki. Ka shiga kasuwa ka fara haɗa jimlarka da ƙyar, mai kanti ya dube ka ya yi murmushi ya ce, "Malam, mi kake so?" Shi ke nan, hira ta koma Hausa, ka sayi abinka, ka koma masauki ba ka ƙaru da komai ba. Ga shi ma a 2025 hukumar Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Banda wannan, hanya ba kullum take a buɗe ba. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 Nijeriya ta rufe iyakarta da Nijar, ba ta buɗe ba sai Maris 2024.

Daga nan na fahimci cewa nisan tafiya ba shi ne maganin ba. Maganin shi ne mutum ya zauna inda harshensa ba zai cece shi ba. Wanda ya je Faris ya tare da 'yan ƙasarsu dare da rana ya ɓad da kuɗin ubansa a banza. Haka nan wanda ya je Badagry yana Faransanci a aji, yana Hausa a ɗakin kwana. Akwai wata kwaleji a Amurka, Middlebury, da ta gane wannan tun da daɗewa. Ba ta kai ɗalibanta na lokacin hutu ko'ina, sai dai kowa ya sa hannu a takarda cewa ba zai yi magana da wani harshe ba sai wanda ya zo koyo, har ran da za a tashi. Ashe ana iya tafiya Damagaram a ƙaru, in an ɗaure baki da irin wannan alkawari, aka kuma nemi masauki wurin malamin da ya yarda ya riƙe ka da Faransanci zalla.

Abin da ya kamace mu

Tafiyar tana da nauyi, kada mu ruɗi kanmu. Akwai kuɗin mota, da na makaranta, da na abinci. Mai zuwa Faransa ga kuɗin jirgi, da fasfo, da biza. Kuma lokacin ya zo daidai da noma, sa'ad da uba yake bukatar hannun ɗansa a gonar gero da wake. Saboda haka wanda aka yi wa wannan ɗawainiya bashi ne a wuyansa. Ga shawarata gare shi.

Na farko, kada ya tafi hannu sake. Ya riƙe gaisuwa, da ƙidaya, da kalmomin yau da kullum tun daga gida, ya kuma saba da sauraron labarai da Faransanci a rediyo ko a waya, ko da rabi yake ganewa. Na biyu, ya riƙe kowane suna tare da jinsinsa. Mu masu Hausa mun san namiji da tamace a cikin kalmomi, wannan kuwa sa'a ce da mai Turanci bai samu ba. Sai dai kada a dogara da namu, gama rana mace ce a Hausa amma namiji a Faransanci, wata kuwa namiji a wurinmu, mace a wurinsu. Na uku, kada ya ji kunyar gyara. Matambayi ba ya ɓata. Na huɗu, ya tara abin da zai kawo wa ajinsa: jarida, da tikitin mota, da kuɗin sefa, da jerin farashin kaya, da wasannin yara. Yaro ya fi gaskata abin da ya taɓa da hannunsa.

Na biyar shi ne mafi girma a gare mu malamai. Yaranmu na Danchuwa kaɗan ne cikinsu za su ga Badagry, balle Faris. Malaminsu shi ne iyakar ƙasar Faransanci da za su taka. To, in ya komo, ya mai da minti arba'in ɗin nan ɗan ƙauyensa. Da an shiga aji, mai neman alli ko izinin fita sai ya nema da Faransanci. A kafa kasuwa a gaban aji, wannan ya sayar da gyaɗa, wancan ya taya. Ta haka bukatar da ta koya mana Hausa a kasuwa za ta koya musu wannan a makaranta.

Daga cikin yaran nan ne za a sami ma'aikacin kan iyaka da zai iya karanta takardar mota daga Diffa, da ɗan kasuwar da zai shiga Kamaru ko Cadi ba tare da tafinta ba, da malamar jinya da za ta karanta takardar maganin da mara lafiya ya zo da ita daga ƙetare. Ina roƙon 'yan'uwana da za su tafi bana su tuna da su. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya.