Mu kare yaranmu da na baƙinmu daga haɗari

Tun shekarar 2019 dubban mutane suka gudo daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, suka sauka a gundumar Gidan Rumji. Yawancinsu mata ne da yara. An zaunar da wasu a Garin Kaka, Dan Daji Makau da Cadakori. Wasu kuma mu muka sauke su a gidajenmu.

Talauci ɗaya ne ke damunmu, da mu da su. Gida ya cika, murhu yana tsakar gida, uwa ta tafi neman itace ko ruwa, an bar jariri hannun yarinya ƴar shekara bakwai. A nan haɗari yake samun ƙofa.

Amma ɗan baƙo ya fi shiga haɗari. Yaronmu ya san inda tsohuwar rijiya take, ya san inda Gulbin Maradi yake da zurfi da damina. Ɗan baƙo bai sani ba. Uwarsa ma ba ta san hanyar likita ba, kuma tana jin nauyin tambaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2008 cewa yara fiye da 2000 ke mutuwa kowace rana a duniya ta hanyar haɗari. Manyan sanadai biyar ne: hanya, ruwa, wuta, faɗuwa da guba. Ba mu manta da gobarar Nuwamba 2021 ba, wadda ta kashe yara fiye da 20 cikin ajin zana a Maradi.

Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mu yi wa rijiya baki da murfi.
2. Mu kewaye murhu, mu kashe garwashi bayan girki.
3. Kada mu zuba fetur, kananzir ko maganin ƙwari cikin kwalbar lemo.
4. Mu kama hannun ƙaramin yaro a bakin kwalta.

Idan yaro ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20. Kada a shafa mai, ƙwai ko toka. Idan ya sha fetur ko kananzir, kada a sa shi amai. A kai shi likita nan da nan.

Ƴan uwa, mu zaga gari da baƙinmu, mu nuna musu wuraren haɗari da hanyar likita. Ɗa na kowa ne.