Shinkafa mai dusa: me ya sa kwastan ke ba ta lamba daban?

A shirinmu na kasuwa mun taɓo wata shinkafa da Turawa ke kira mai ruwan ƙasa, ga bayanin a rubuce don wanda yake daji da shanu ko yana kan hanya lokacin da aka watsa shi.

Ka ɗauki ƙwaya ɗaya ta shanshera ka murza. Riga biyu gare ta. Ta waje ita ce buntu, mai kaushi. Ta ciki siririya ce, manne da ƙwayar, ita ce dusa. In inji ya cire buntun kaɗai ya bar dusar, to ka sami shinkafar da muke magana. In aka ƙara goge ta, ta zama fara. A buhun shanshera mai kilo 100, wajen kilo 20 buntu ne, dusa kamar kilo 8 zuwa 10, saura kuma farar shinkafa da gutsattsarinta.

To, a nan ne ciniki ya shigo. Kwastan a Najeriya da duwan a Nijar duk da kundin lambobi ɗaya suke aiki, na Hukumar Kwastan ta Duniya. Shinkafa lambarta 1006, kuma gida huɗu aka raba ta: 1006.10 shanshera, 1006.20 wadda aka cire wa buntu kawai, 1006.30 gogaggiya, 1006.40 gutsattsari. Ka lura, ba launi ake dubawa ba, yawan aikin da inji ya yi wa ƙwayar ake dubawa. Nan mutane da dama ke ruɗewa. Shinkafar da aka turara, irin wadda mata ke gumawa ko ta Tailan da Indiya mai ɗan rawaya-rawaya, in dai an goge ta, 1006.30 ce, ko da kuwa ba ta yi fari a ido ba. Wanda ya rubuta ta a takarda da sunan mai dusa, ko da rashin sani ne, za a iya ɗaukarsa a matsayin mai ƙaryar kaya, kuma kowa ya san ƙarshen wannan: tara ko kwace.

Me ya sa gwamnati ta damu da bambancin? Saboda mai dusa ba ta gama hanya ba, sai ta bi ta masana'anta. Ƙasar da ta shigo da ita, injinanta ne za su yi aikin, 'ya'yanta su sami albashi. Shi ya sa a watan Yulin 2024, da abinci ya yi tsada, Najeriya ta ɗage haraji na ɗan lokaci a kan masara, gero, dawa, alkama, wake da shinkafa mai dusa, amma ba ta sa fara a ciki ba. Kuma ba kowa aka ba wa damar shigo da shinkafar ba, sai kamfanin da ke da injin da zai iya casar tan 100 a rana. Wato kai mai buhu goma a Jibiya ko Illela, ba da kai aka yi ba. Haramcin shigo da shinkafar waje ta iyakar ƙasa, wanda aka maido a 2016, bai ce ban da mai dusa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Nijar ta hana fitar da shinkafa da hatsi a watan Oktoban 2024, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Dokokin nan suna sauyawa, don haka ka tambaya a ofishin iyaka kafin ka yi lodi, ba bayan ka yi ba.

Wani abu kuma, mai dusa ba ta ajiyuwa kamar fara. Akwai mai a cikin dusar, kuma da zafi irin namu, 'yan watanni kaɗan sai ta fara ɗoyi, ƙwari su shiga. Ba hajar da za ka ɓoye kana jiran farashi ba ce.

Kai kuma makiyayi, rabonka yana cikin rigar nan ta biyu. Babban inji yana cire buntu daban, dusa daban, don haka dusarsa tsantsa ce, mai laushi kamar gari, tana sa dabba ƙiba. Ƙaramin injin ƙauye kuwa yakan haɗe su wuri guda ya niƙe. Buhu ya cika, amma buntu ba ya narkewa a cikin saniya yadda ya kamata, cika ciki ne kawai. In za ka saya, ka damƙi hannu ɗaya ka matse. Mai kyau za ta ɗan dunƙule ta bar maiƙo a tafinka, mai buntu kuwa za ta soke ka ta warwatse. Ka kuma sansana, in ta yi tsami ka bar masa kayansa.