Mi ya hana a ƙera jirgin yaƙi mai injin jet tun da farko?

Jirgin sama ya fara tashi a 1903, amma sai a 1944 jiragen yaƙi masu injin jet suka shiga fagen daga. Mi ya kawo jinkirin?

Mu dai a ganinmu ba dabara aka rasa ba, ƙarfe aka rasa. Tun 1921 wani Bafaranshe, Maxime Guillaume, ya yi rajistar dabarar, Frank Whittle na Ingila ya yi tasa a 1930. Shi wannan inji iska yake zuƙa, ya matse ta, ya ƙona mai a cikinta, ya feso ta baya da ƙarfi. To zafin nan fa, ƙarfen wancan zamani ba ya jure shi. Ga jiragen kuma na katako da ƙyalle ne, gudunsu wajen kilomita 200 a awa, inda farfela ta fi tsimin mai.

Jamus ce ta fara tada jirgin jet, He 178, ran 27 ga Agusta 1939. Jirginta na yaƙi, Me 262, yakan wuce kilomita 800 a awa, amma don ƙarancin nikel da kurom, da ƙyar injinsa ke kai awa 25 yana aiki kafin a sauke shi.