Nasiha a Kan Kiyaye Abin Zama na Waje Daga Rana da Ruwa da Gara

 

Ku sani, 'yan'uwa, mutumin ƙasarmu rabin zamansa a waje yake yinsa. Karatun allo a ƙofar gida ake yi, ciniki a rumfa, hira a gindin darbejiya, ɗaurin aure da zaman makoki a kan benci da tabarma. Amma duk cikin kayan gida babu abin da aka fi wulakantawa kamar abin zaman nan. A yi taro a watse, a bar benci inda yake, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi. Ran da ya karye da baƙo a kai sai a ce kafinta ne ya yi ha'inci. Sau da yawa kuwa kafinta ba shi da laifi, masu zaman ne ba su san yadda ɓarna take shiga ba.

Fasali na farko: yadda ɓarna take shiga

Abokan gaban katako uku ne, kuma ba sa zuwa tare. Kowane yana zuwa a lokacinsa, ya buɗe wa na bayansa ƙofa.

Na farko hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Katako, ko ya shekara goma da yankewa, yana shan laima daga iska yana fitarwa. Iskar hunturu kuwa daga hamada take, laimarta takan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Sai katako ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake tsukewa, ba ta tsawonsa ba. Dalilin ke nan da ƙusa takan yi sako-sako, mahaɗi ya buɗe, benci ya kama rawa. Sa'an nan zafin bazara ya zo ya gasa fuskar sama, ta ƙasa tana cikin inuwa, sai katakon ya lanƙwashe ya tsage, fenti ya ɓaɓɓake.

Na biyu damina. Mu nan kudancin Katsina ruwanmu ya fi na Daura da na birnin Katsina yawa, yakan kai wajen milimita 1000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, mafi ƙarfinsa a Agusta. Ruwan nan yana bin tsagar da rani ya yi, ya shiga ya kwanta. Masana katako sun tabbatar, matuƙar ruwan da ke cikin katako bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ruɓa ba ta kama shi. Watau jiƙewa ba ita ce cuta ba, rashin bushewa da wuri shi ne cuta.

Na uku gara. Ita daga ƙasa take fitowa, ba ta jure rana da busasshiyar iska, don haka take gina wa kanta hanya da laka, ta bi ta ciki a ɓoye. Inda ta ji danshi nan take nufa. Ta cinye cikin katako ta bar fatarsa, mai zama yana ganin abu lafiya lau, alhali kuwa ba kome a ciki. Gaskiyar masu magana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya toshe tsagar rani ya rage aikin damina, wanda ya hana danshi zama ya sallami gara.

Fasali na biyu: ƙafa ita ce ƙofa

Ku duba duk bencin da ya mutu, galibi daga ƙafa ya fara. Ga dalili. Wurin da zarto ya gitta itace kamar kan kara ne, cike yake da ƙananan ramuka, su ne hanyar ruwa tun bishiya tana da rai. Ƙafar benci da wannan yankan take taka ƙasa, sai ta riƙa zuƙar danshi kamar lagwani a fitila. To, babban magani, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne a raba ƙafa da ƙasa. A ɗora kowace ƙafa a kan shimfiɗaɗɗen dutse ko guntun bulo, tsayin kamar inci 3 ko 4. Dutse kuwa ba wahalarsa muke yi ba a ƙasar Faskari. Amfaninsa biyu ne: yana yanke danshi, kuma idan gara ta tasar wa hawa, dole ta gina hanyarta a sarari inda ido zai gani a kankare.

Kada a jingina benci da bangon ƙasa, kada a bar shi a ƙarƙashin indararo. Duk mako a gusar da shi a share wurin. Idan hadari ya taso kuma ba halin shigar da shi zaure, a karkata shi ruwa ya zurare. Wanda ya rufe da leda ko tamfol ya bar wa iska hanya ta ƙasa, ya yaye da an ɗauke ruwa, gama leda mai ɗaure tana tara gumi, ta yi ɓarnar da ruwan sama bai yi ba.

Fasali na uku: zaɓen itace

Iyayenmu sun san itace. Kirya suka zaɓa don turmi da dirkar rumfa, saboda gara ba ta cika iya mata ba. Azarar giginya suka sa a rufin soro. Maɗaci da maɗobiya don kujera da ƙyaure, aduwa don allo. A galibin itatuwa kuma jan ciki shi ne mai ƙarko, farin gefe shi ne abincin ƙwari. Farin katakon da ake kawowa daga kudu mai sauƙin kuɗi ne da sauƙin aiki, amma na cikin ɗaki ne. Wanda ya ajiye shi a waje ba kariya, ya yi wa gara walima.

Sai dai fa itacen iyaye ya yi wuya yanzu. An sare maɗobiya a Nijeriya ana kai ta Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ɗaure cinikinsu. Dazuzzukanmu na yamma, irin su Kogo, rashin tsaro ya raba mutane da su, har a 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana motoci ɗauko itace daga daji. Saboda haka wanda ya gaji kujerar maɗaci ko dirkar kirya ya riƙe ta da kyau, samun irinta ba lalle ba ne. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Barno a 1928, yau ta cika garuruwanmu, katakonta kuwa yana da ƙarfi, ƙwari ba su cika sonsa ba. Ita ce mafi kusa da hannun talaka.

Fasali na huɗu: kowane aiki da lokacinsa

Kaka lokacin kuɗi ne. Daudawa garin auduga ne tun zamanin da Turawa suka kafa gonar iri a nan, kuma har yau da an kai amfanin gona kasuwa hannu yakan buɗe. A sayi fenti da ƙusa a lokacin a ajiye. Amma kada a shafa cikin ƙurar hunturu, ƙura takan manne ta ɓata aikin. A jira Maris zuwa Afrilu, sa'ad da katako ya bushe sarai kuma ruwa bai sauka ba. A kankare tsohon fenti, a goge, a cike tsaga da garin katako da gam, a ƙara ɗaure mahaɗi. A yi shafi biyu marasa kauri a cikin inuwa, na biyu bayan na farko ya bushe. A fi ba da ƙarfi ga ƙafafu da ƙarƙashi, wurin da masu fenti suka saba tsallakewa don ido ba ya kai wa can.

Kujerar ƙarfe tsatsa ke cinta, daga wurin walda take farawa da ƙasan bututu inda ruwa ke kwanciya. A kankare har ƙarfe ya yi haske, a fara da jan fentin hana tsatsa, sa'an nan na ado. Kujerar roba ba ta tsoron ruwa ko gara, rana ce ajalinta. Idan ka ga ta koɗe, ka shafa hannu ka ga gari, to ta kusa, kada a ba dattijo ita. A tara su a inuwa da an gama taro.

Tabarmar kaba da buzu kada a naɗe su da danshi. A kakkaɓe, a shanya, a rataye a kan igiya ko maratayi, kada a jibge su a ƙasa. Dakalin ƙofar gida a sake masa yaɓe kafin ruwan fari, a gama da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a ɗan karkata samansa yadda ruwa ba zai kwanta ba.

Tambihi

Mutane sun saba shafa baƙin man mota. Lalle yana korar gara, amma datti ne mai cutar da fata da ƙasa da rijiya, yana kuma ɓata tufafi. Kada ya kusanci wurin zama ko abin da yara ke taɓawa. Haka Gamalin, wanda a da ake zubawa a gindin dirka, guba ne mai daɗewa a ƙasa, kuma ƙasashen duniya sun yi ittifaƙi a kan hana shi tun 2009. Wanda zai sayi maganin katako irin su Solignum ya karanta umurnin da ke jikin gwangwani, ya shafa a sarari, ya bari ya bushe kafin a zauna.

Fa'ida ta ƙarshe

Bencin gida yakan daɗe fiye da na masallaci da makaranta da majalisar unguwa, ko da kafinta ɗaya ya yi su. Dalili, na gida yana da mai shi, na jama'a kuwa kowa yana zaton wani zai ɗauke. Alhali kayan da wani ya bayar sadaka, ko aka yi karo-karo aka saya, amana ce a wuyan masu zama a kai, barinsu su lalace kuwa almubazzaranci ne. Shawarata ga malamai, kowace makaranta ta ɗora wa babban almajiri ɗaya wannan aiki da sunansa, ya duba ƙafafu ran Alhamis da ba karatu. Masu rumfuna kuma su yi wa yaran shago haka, kamar yadda suke ƙidaya buhuna kafin su rufe. Dutse huɗu a ƙarƙashin benci, da ido ɗaya a kansa, sun fi gwangwanin fenti goma a bayan gara ta shiga.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da muka mallaka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Haza wasalam.